Ziyarar Tsohuwar Kwalejin Katsina

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, kun tuna yadda malamin tarihi yake sa mu haddace shekarar 1922? To, a hutun da ya wuce na kwashi yarana zuwa Katsina, domin gani ya kori ji.

Mun fara da tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 don horar da malamai. A waɗannan azuzuwa na ginin ƙasa Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. A 1938 aka mayar da kwalejin Kaduna, daga baya Zariya, inda ta zama Barewa. Yanzu ginin ya zama gidan adana kayan tarihi.

Daga nan muka zarce Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, sannan Ƙofar 'Yandaka, inda Turawa suka shigo garin a 1903.

A gindin hasumiyar autana ya ce, "Baba, in damina ta cinye ta fa?" Na rasa amsa, domin ginin ƙasa sai da yaɓe. Mu kai 'ya'yanmu su gani, ƙungiyarmu kuma ta tallafa wajen gyara tun kafin ya zama labari.