Tarihin Farashin Kuskure a Sana'ar Dasa Manhaja

Maikurokwantirola, wato ƙaramar kwamfutar da aka haɗa ƙwaƙwalwarta da ma'ajiyarta a kan guntun silikon guda, ba ta jin yaren ɗan Adam, don haka duk umarnin da injiniya ya rubuta sai ya bi ta hannun kwamfaila, manhajar da ke aikin tafinta tana mayar da rubutun zuwa lambobin da na'ura ke ganewa, kafin a dasa shi a cikinta. Tarihin wannan sana'a, in an duba da kyau, tarihin farashin kuskure ne.

A zamanin maikurokwantirola TMS1000 ta kamfanin Texas Instruments, wadda ta shiga kasuwa a 1974, a masana'anta ake ƙera umarnin cikin guntun, ta yadda kuskure ɗaya kan jawo asarar duk abin da aka ƙera. Ma'ajiyar EPROM da Dov Frohman ya ƙirƙiro a Intel a 1971 ta rage wannan asara, amma da wahala: a saman guntun akwai 'yar taga mai kama da gilashi, kuma wanda ya gano kuskure sai ya cire guntun daga allo, ya sa shi ƙarƙashin fitila mai hasken altarabayolet na kusan minti ashirin har ya goge, sannan ya sake rubutawa. Wannan jira ya koya wa injiniyoyin wancan lokaci karanta aikinsu da idon basira kafin su gwada.

Al'amarin ya sauya a 1993 da PIC16C84 ta Microchip, wadda wutar lantarki kawai ke gogewa, sai kuma AVR da Alf-Egil Bogen da Vegard Wollan suka tsara a Trondheim ta ƙasar Norwe. A kan AVR aka gina allon Arduino a garin Ivrea na Italiya a 2005, bisa aikin Wiring na Hernando Barragán, tare da kwamfailar GCC da Richard Stallman ya fitar kyauta tun 1987, lamarin da ya buɗe ƙofar sana'ar ga ɗalibai da masu zane.

Sai dai tsofaffin matsaloli ba su gushe ba. Manhajar make, wadda Stuart Feldman ya rubuta a Bell Labs a 1976 don tsara matakan haɗa manhaja, har yau takan tsaya cak idan aka buga tazara a inda take buƙatar maɓallin tab, bambancin da ido ba ya gani, kuma Feldman ya bar shi haka ne don kada ya ɓata aikin masu amfani da ita na farko. Haka nan maikurokwantirola ATmega328P da ke kan Arduino Uno kilobayit 2 kacal gare ta na ma'ajiyar aiki, kuma manhaja na iya wuce tafinta lami lafiya sannan ta cinye wannan wuri ta daskare a lokacin aiki. Sauƙin gogewa bai ɗauke wa mai koyo nauyin karanta saƙon kuskure tun daga layinsa na farko ba, domin galibi a nan ainihin laifin yake, sauran kuwa 'yan rakiya ne.