Jamhuriyar Kalakuta: Gidan Mawaƙin Da Sunansa Ya Tsone Wa Gwamnati Ido

A ƙasar Hausa ba kasafai mai gida ke raɗa wa gidansa suna ba, jama'a ne ke yi. Gidan Rumfa a Kano ya ci sunan Sarki Muhammadu Rumfa, Gidan Ɗan Hausa kuma ya ɗauki laƙabin Baturen da ya zauna a cikinsa, Hanns Vischer. Shi ya sa idan muka ji mawaƙan duniya suna zaɓa wa gidajensu suna da bakinsu, mukan ɗauka ƙawa ce irin ta masu hannu da shuni. Sau da yawa haka ɗin ne. Michael Jackson ya sayi ƙatuwar gona a Kaliforniya a 1988 ya kira ta Neverland, sunan tsibirin da yara ba sa girma a labarin Peter Pan. Graceland kuwa, wanda ya fi kowanne shahara, ba Elvis Presley ne ya sa masa suna ba. Sunan wata mata ne, Grace, 'yar mai filin na farko, kuma haka ya iske shi da ya saya a 1957. Amma akwai gida ɗaya a Legas da sunansa ya kasance magana ce ta siyasa, kuma hukuma ta fahimce ta sarai.

Gidan yana lamba 14, titin Agege Motor Road, wajen Mushin, kuma na mahaifiyar mawaƙi Fela Kuti ne, Funmilayo Ransome-Kuti, shahararriyar mai fafutukar 'yancin mata ta Abeokuta. A 1974 'yan sanda suka kama Fela bisa zargin tabar wiwi, suka tsare shi a ofishinsu na Alagbon Close. Ɗakin da aka kulle shi, waɗanda ke tsare a ciki suna ce masa Kalkata, suna kwatanta shi da ƙuntataccen ɗakin nan na birnin Kalkata a Indiya, inda aka cusa fursunonin Ingila a 1756, da yawansu suka mutu kafin gari ya waye. Da Fela ya fito sai ya kewaye gidan da waya mai ƙaya, ya ce daga yau sunansa Jamhuriyar Kalakuta. Wanda duk ya fito daga tsare yakan so ya manta da ɗakin. Shi kuwa ya ɗauko sunan ya ɗora wa inda yake kwana, don kowa da ya ambaci gidansa ya ambaci abin da ake yi wa talaka a hannun 'yan sanda.

Ɗaya rabin sunan, wato jamhuriya, ya fi nauyi. A lokacin shekara huɗu ke nan da ƙare yaƙin basasa, yaƙin da aka gwabza daga 1967 zuwa 1970 saboda wani yanki ya kira kansa jamhuriya. Sojojin da suka yi yaƙin su ne ke mulki, Janar Yakubu Gowon na kan kujera. A irin wannan yanayi, mutum ya tashi a babban birnin ƙasa ya ce ikon gwamnati ya tsaya a ƙofar gidansa, ya san sarai inda ya taɓa. Kuma bai tsaya ga faɗa da baki ba: a cikin gidan akwai wurin ɗaukar waƙa, akwai asibitin da ƙanensa Dakta Beko ke duba marasa lafiya, akwai makaɗa da 'yan rawa da matasan da ba su da wurin zuwa, duk suna ci suna kwana.

Za a iya cewa duk wannan talla ce, domin mawaƙi na rayuwa ne da jan hankali, kuma Fela gwani ne a nan. Gaskiya ne ya sayar da faifai da rikicinsa da hukuma. Faifansa na Alagbon Close da na Kalakuta Show duk daga nan suka fito. Sai dai ba a tura runduna don talla. A ranar 18 ga Fabrairu 1977, kwana kaɗan bayan kammala bikin al'adu na FESTAC wanda Fela ya ƙaurace masa, sojoji kimanin 1,000 suka yi wa gidan ƙawanya. Suka lakaɗa wa mazauna duka, suka ci zarafin mata, suka jefo tsohuwa Funmilayo ta taga, suka cinna wuta. Kayan kiɗa da asibitin duk suka ƙone. Funmilayo kuma ba ta murmure ba har ta rasu a Afrilu 1978.

Wasu kuma za su ce waƙar Zombie, wadda ta yi wa sojoji ba'a, ita ta jawo harin, ba sunan gida ba. Babu shakka ta ƙara rura wutar. Amma da mawaƙin kaɗai ake nema, kama shi ya isa, an kuwa sha yin haka. Abin da aka yi shi ne shafe wurin. Kwamitin binciken da gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa ya ɗora laifin ƙona gidan a kan sojojin da ya ce ba a san ko su waye ba, daga baya gwamnati ta karɓe filin, ƙarar diyyar naira miliyan 25 da iyalin suka shigar kuma ba ta yi nasara ba. Wannan hukunci ne a kan wani yanki da ya yi iƙirarin cin gashin kansa.

Suka mafi ƙarfi ita ce Kalakuta ba ta yi kama da jamhuriya daga ciki ba. Maganar Fela ce doka, shi ke yanke hukunci a kan mazauna, kuma ra'ayinsa game da matsayin mata ya yi hannun riga da abin da mahaifiyarsa ta ƙare rayuwarta tana nema. Bai kamata a rufe wannan ba. Amma laifin mai gida bai halatta wa hukuma ta ƙone gida da mutane a ciki ba, kuma ba don kare matan aka je ba, tunda su suka fi shan wuya a ranar. Daga baya Fela ya koma titin Gbemisola a Ikeja da sunan nan dai, a can aka binne shi a 1997, kuma a 2012 aka mayar da gidan wurin adana tarihi da tallafin gwamnatin jihar Legas.