Daga Taswirar Sarkin Musulmi Bello Zuwa Taswirar Cikin Waya

Yau gabashin Sakkwato muka nufa, wato Wurno da Rabah da Goronyo, kuma maganar taswira za mu yi. Na san wani zai ce wannan ai darasin firamare ne. To ɗan dakata tukuna.

A watan Maris na 1824 wani Bature ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, wanda mutanenmu suka kira Abdullahi, ya iso Sakkwato. Abin da ya fi damunsa shi ne sanin inda kogin Kwara ya nufa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya sa aka zana masa taswira a takarda, da garuruwa da hanyoyi da koguna, sunayen da rubutun Larabci. An buga ta a Landan a 1826. Ba ta rasa kuskure ba, don ta nuna Kwara na tafiya har Masar. Amma fa ku lura, mai ƙasa ne ya zana ƙasarsa, da sunayen da ya san ta da su. Bellon nan shi ya kafa ribaɗin Wurno a bakin fadamar gulbin Rima, can ya rasu a 1837, can kuma kabarinsa yake.

A 1853 Heinrich Barth, Bajamushen da ake kira Abdulkarim, ya zo Wurno zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Shi da Clapperton duk sai da suka ratsa dajin Gundumi, kuma duk sun ba da labarin wahalarsa: daji mai faɗi, ruwa ya yi ƙaranci, ayari na tafiya dare da rana saboda tsoron hari. Wannan dajin da ke gabas da Rabah shi ne yau ake jin sunansa a labaran 'yan bindiga.

Daga baya taswira ta koma hannun hukuma. A 1969 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da rahoton binciken ƙasa da ruwa na kwarin Sakkwato. A shekarun da suka biyo baya aka gina manyan madatsun ruwa: Bakolori a kan gulbin Sakkwato, wanda ke bi ta Rabah, a 1978, sai Goronyo a kan Rima a 1984, mai ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Madatsun sun kawo noman rani da ruwan sha, ba musu. Sai dai manoman ƙasa da Bakolori sun ga ruwan da ke malala fadamarsu duk shekara ya ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya. Masu zane sun auna ruwan da za a tare, ba su auna asarar wanda ke jiran ruwan a ƙasa ba.

Goronyo ma ta nuna mana fuska biyu. A Satumban 2010 ambaliya ta ci ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima, har gadar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta karye. A farkon 2018 kuma ruwan dam ɗin ya sauka zuwa kusan kashi goma cikin ɗari, aka ɗora laifin a kan ƙarancin damina da taruwar laka. Yadda abin yake, idan aka sare itatuwa a saman gulbi, ruwan sama ya kwashe ƙasa ya zuba a dam. Dam ya cike da yashi, sai ya riƙa cika da wuri, ya riƙa ƙafewa da wuri.

To ina taswirar zamani ta shigo? Tun 1972 taurarin ɗan'adam na Landsat na Amurka ke ɗaukar hoton duniya, kuma tun 2008 hotunan kyauta ne. Na Turai, Sentinel-2, da ya fara aiki a 2015, yana komowa wuri ɗaya kusan duk kwana biyar. A Google Earth akwai hotunan da suka faro daga 1984, shekarar da aka gama dam ɗin Goronyo. Da waya da 'yar data za ka ga tafkin na kumbura yana tsukewa, ka ga koren albasa da tafarnuwa da shinkafa a fadama lokacin rani.

Kuma irin wannan kallo ya taɓa sauya labari. A kudancin Nijar, wajen Maraɗi da Damagaram, wani masani Ba'amurke, Gray Tappan, ya kwatanta hotunan sama na 1975 da na bayan 2000, sai ya ga itatuwa sun ƙaru a gonaki. Manoma ne suka riƙa barin tohon gawo da kalgo su girma, a fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5. Gulbin Maraɗi kuwa cikin Rima yake zuba, ke nan maƙwabtanmu ne a ruwa ɗaya.

Amma hoto na da iyaka. Na taɓa nuna wa kawuna, manomi a Wurno, fadamarsu a wayata. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa ya ce, "Ɗana, wanga wuri tabki na da, nan muka kamun tarwaɗa. Nan kuma burtali na, shanu ka bi su sha ruwa." Na duba, babu sunan tafkin, babu alamar burtalin. Tauraro na ganin launi, bai san suna ba. Ko zurfin lakar dam ba ya gani, sai an shiga da kwalekwale an auna. Abin da babu shi a taswira kuwa, ranar rabon fili shi ake fara cinyewa, kuma daga toshe burtali da mashaya rigimar manomi da makiyayi ke yawan farowa.

Ga aikin da nake ganin ya rage gare mu matasa. Akwai OpenStreetMap, taswirar da kowa ke iya ƙara wa bayani, akwai manhajar QGIS, duk kyauta. Ka zauna da dattijon unguwarku da makiyayi da masunci, su faɗi sunan tafki da burtali da kurmi da inda ruwan 2010 ya tsaya, kai kuma ka sa a taswira. Inda babu tsaro kada ka je, tambaya daga gida ta wadatar. Dattawan nan ba dawwama za su yi ba.

Ku rubuto mana sunan tafki ko dajin garinku da ya ɓace, mu fara daga nan. Sai shiri na gaba, a huta lafiya.