Matar da ta koya wa kwamfuta tsayawa cak



Duk mai rubuta manhaja ya san wannan yanayin: ka gama rubutu, ka kunna, amsa ta fito a karkace, ba ka san inda gizo ke saƙar ba. Sai ka sa alama a wani layi, kwamfuta ta yi aiki har ta iso wurin ta tsaya. Ka leƙa lambobin da ke hannunta a daidai lokacin, in ka gamsu ka sake ta ta ci gaba. Masu harkar suna kiran wannan birekfoyin. To ina ya samo asali?

Mu koma Amurka, Jami'ar Pensilbaniya, shekarar 1945. A can aka haɗa ENIAC domin lissafa wa sojoji tafiyar harsashen igwa. Nauyinta kusan tan 30, da kwalaben lantarki kusan 18,000. Babu allon dannawa, babu yaren rubuta manhaja. In kana so ta yi aiki, sai ka jona wayoyi ka murza makunnai da hannu. Mata shida aka ɗora wa wannan aikin, cikinsu har da Betty Snyder, wadda daga baya aka fi sani da Betty Holberton. Zanen wayoyin na'urar aka miƙa musu, da shi suka koyi yadda take aiki.

Matsalar ita ce sauri. Na'urar tana yin jimla 5,000 a daƙiƙa ɗaya, ido ba zai iya bin ta ba. Dabarar da ake jingina wa Betty ita ce ta zare wayar da ke kai saƙo zuwa mataki na gaba. Da lissafi ya iso nan, sai komai ya tsaya, lambobin suna nan a kan ƙananan fitilu, a karanta a gwada da lissafin hannu. In sun yi daidai, kuskuren yana gaba. In ba su yi ba, yana baya. Shi ke nan fa.

Ga abin da ke ci mini rai. A Fabrairun 1946 da aka nuna ENIAC ga duniya, Betty da Jean Jennings ne suka shirya lissafin da aka nuna, amma ba a gayyace su liyafar ba. Sai a 1997 aka karrama su shidan, shekara 51 bayan nan. Betty ta rasu a 2001.

Shi ya sa in na ji ana cewa harkar kwamfuta ba ta mata ba ce, nakan ce a koma tarihi. 'Yar uwa, in kina koyon rubuta manhaja, dabarar da kike kama kuskure da ita daga hannun mace ta fito.

Ku tura wa wata ƙanwarku wannan shirin. Sai mun haɗu a na gaba, in Allah ya kai mu.