Mahaman Usman da akwatin zaɓe: takara bakwai, nasara ɗaya

Daga 1993 zuwa 2021, sau bakwai Mahaman Usman, haifaffen Damagaram, ya nemi shugabancin Nijar. Sau ɗaya ya samu. Duk da haka, wanda ya bi sawun ƙuri'unsa zai fahimci yadda ake cin zaɓe a ƙasar nan tun bayan babban taron ƙasa na 1991.

A zagayen farko na 1993, Tanja Mamadu na MNSD-Nasara ne ke gaba da kashi 34 cikin ɗari, ɗan takarar CDS-Rahama yana biye da kusan kashi 27. Sai jam'iyyun ƙawancen AFC, har da PNDS-Tarayya ta Mahamadu Isufu, suka mara masa baya, ya lashe zagaye na biyu ran 27 ga Maris da kashi 54. Ke nan ƙawance ne ya ɗora shi bisa kujera, kuma ranar da ƙawancen ya tsage kujerar ta soma girgiza. Isufu ya ajiye muƙamin firaminista a 1994, ƴan adawa suka rinjayi majalisar dokoki a farkon 1995, shugaban ƙasa ya shiga zaman doya da manja da sabon firaminista Hama Amadu. Ran 27 ga Janairun 1996 sojoji ƙarƙashin Ibrahim Ba'are Mainasara suka kifar da gwamnati. A zaɓen Yulin wannan shekara, wanda aka rushe hukumar zaɓe ana cikin ƙidaya, an ba shi matsayi na biyu.

Daga nan rawarsa ta sake. A 1999 da 2004 ya zo na uku, amma ƙuri'unsa ne suka raba gardama tsakanin Tanja da Isufu. Duka sau biyun Tanja ya bi, abokin hamayyarsa na 1993, ya kuma riƙe shugabancin majalisar dokoki kusan shekara 10. Sun raba gari a 2009 kan batun tazarce, Tanja ya rushe majalisar.

Sai ƙuri'u suka yi ta raguwa: kashi 8 a 2011, kashi 6 a 2016, bayan rikicin cikin gida ya raba shi da CDS-Rahama. Mutane da yawa sun ɗauka zamaninsa ya wuce. Amma a Disamban 2020, ƙarƙashin RDR-Canji, ya zo na biyu da kusan kashi 17, da goyon bayan magoya bayan Hama Amadu, wanda kotu ta hana takara. A zagaye na biyu, cikin Fabrairun 2021, an ba shi kashi 44, Muhammad Bazum ya yi nasara. Shi kuwa bai amince da sakamakon ba.

Abin lura ga mai koyar da tarihi shi ne: Usman bai taɓa zuwa na ɗaya a zagayen farko ba, ko a shekarar da ya ci. Zagayen farko yana auna ƙarfin jam'iyya da yankin da ta kafu. Na biyu yana auna alkawarin da shugabanni suka ƙulla tsakaninsu. Isufu, Tanja da Hama, kowanensu ya taɓa zama abokinsa, kowanensu kuma ya taɓa zama abokin hamayyarsa.