Daga tafin raƙumi zuwa ƙarin lam: tarihin gyaran motar hamada

Duk wanda ya ratsa layin masu gyaran mota a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Agadas ya san aikin da ake yi wa katkat kafin a sa ta hanyar arewa. A ɗaga ta, a kwance resor, a cusa lam biyu ko uku a kan waɗanda ta zo da su, a sa mata manyan tayoyi, a ƙera mata ƙarfe a gaba da wani a bisa, a ɗaure tano da bido. Masu miƙa kayan aikin yara ne ƴan koyo, da yawansu tun daga firamare suka bar lakwal. Na rubuta wannan ne domin malamai da iyaye, saboda ƴaƴanmu ne ke wannan aiki, kuma ƴaƴanmu ne ke hawa motocin in an gama. Gyaran nan ya kai shekara ɗari ana yin sa. In muka bi tarihinsa za mu ga cewa waɗanda suka soma shi da lissafi suka soma, mu kuwa mun gaji gyaran, mun bar lissafin a baya.

Matsalar rairayi guda ce tun fil azal: abu mai nauyi in ya tsaya a kan ƙaramin wuri, nutsewa yake yi. Raƙumi ya tsira daga wannan saboda tafinsa mai faɗi ne da laushi, yana bajewa in ya taka, sai nauyin ya rarrabu. Da wannan tafin ayarin gishiri ya yi ɗaruruwan shekaru yana ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma. Madugu kuma bai taɓa barin a ɗora wa raƙumi abin da aka ga dama ba. Ya san kayan da dabba ke iya ɗauka, ya san kwanakin da ke tsakanin rijiya da rijiya, ya san harawar da za a ɗauka da wadda za a ajiye a hanya domin dawowa. Da mota ta shigo hamada, wannan tsohuwar matsala ta tarar.

Motocin farko tayoyinsu sirara ne, an cika su da iska tam, an yi su domin titunan Turai. Da sun hau rairayi sai su kafe. Kamfanin Citroën na Faransa ya nemi mafita wajen wani injiniya mai suna Adolphe Kégresse, wanda ya taɓa kula da motocin sarkin Rasha, ya kuma ƙera musu wata doguwar ɗamara ta roba a madadin ƙafafun baya domin tafiya cikin ƙanƙara. Abin da ya hana mota nutsewa a ƙanƙara, aka ce, zai hana ta nutsewa a rairayi. Motoci 5 masu wannan ɗamara suka tashi daga Tugurt ta Aljeriya ran 17 ga Disamba 1922, suka isa Tumbutu ran 7 ga Janairu 1923, tafiyar sama da kilomita 3,000. A watan Oktoba 1924 wasu 8 suka sake tasowa daga Aljeriya, suka biyo ta Yamai da Tasawa da Damagaram, suka nufi tafkin Cadi. Kakanninmu sun ga waɗannan motoci da idonsu. Kada kuma mu manta da abin da ya kawo su: Faransa tana neman hanyar da za ta haɗa Aljeriya da ƙasashen da ta mallake a kudancin hamada.

Ɗamarar ba ta daɗe ba. Tana saurin cinyewa a kan dutse, motar kuma ba ta da gudu. A 1924 ɗin nan kamfanin Renault ya ratsa hamada da wata dabara: mota mai ƙafa 6, kowace ƙafa da taya biyu a jere. Tayoyi 12 ke nan suna raba nauyin da a da 4 ke ɗauka. Hanya daban, manufa ɗaya da ta tafin raƙumi.

Wanda ya fi kowa gane lamarin wani hafsan sojan Ingila ne, Ralph Bagnold, da ya zauna a Masar daga tsakiyar shekarun 1920. Shi da abokansa ba su da kuɗin kamfani, ƙananan motocin Ford na kasuwa suka saya. Abu na farko da suka yi shi ne cire duk abin da ba dole ba, domin motar ta yi sauƙi. Na biyu, in sun iso rairayi mai laushi sai su rage iskar taya, tayar ta baje. Na uku, suka riƙa tafiya da dogayen faifan ƙarfe da ake turawa ƙarƙashin ƙafa in mota ta kafe. Na huɗu, suka ja bututu daga lagireto zuwa wani gwangwani mai ɗan ruwa, ta yadda in injin ya tafasa tururin zai koma ruwa a can, ya dawo cikin lagireto in ya huce. Suka kuma yi na'urar gane alƙibla da inuwar rana, domin ƙarfen mota yana rikita allurar kamfas. Bagnold ya ci gaba da nazarin rairayi har ya fitar da littafi a 1941 kan yadda iska ke tafiyar da shi, littafin da masana ke amfani da shi har yau.

A yaƙin duniya na biyu, a 1940, aka ba shi aikin kafa rundunar sintirin hamada ta Ingila. A nan ne za mu haɗu da ƙarin lam. Motocin Chevrolet da suka samu an ƙara musu lam a resor, an sa musu tayoyi masu faɗi. Amma an cire musu ƙofofi da rufi da gilashin gaba. Mutum uku ko huɗu ne a mota. Nauyin da aka ƙara lam dominsa, mai ne da ruwa da abinci da kayan gyara da makamai, an auna na kwana kaza, an kuma ƙayyade wa kowa ruwan da zai sha a yini. Ba sa fita da mota ɗaya tak. Da irin waɗannan motoci suka kai hari Murzuk ta Libiya a Janairu 1941, tare da sojojin Faransa da suka zo daga Cadi.

A ƙasarmu, babban gwaji shi ne na kamfanin Berliet, daga Nuwamba 1959 zuwa Janairu 1960, ƴan watanni kafin samun ƴancin kai. Kamiyo 9 masu ƙafa 6, duka ƙafafun suna ja, suka ratsa Tenere daga arewa zuwa tafkin Cadi, suna kafa alamomin ƙarfe a hanya. Daga nan manyan motoci suka saba da hamada. Itacen nan na Tenere, da ayari ya yi zamani yana kewaye shi, kamiyo ce ta karya shi a 1973, gawarsa tana gidan tarihi na Yamai.

Sai zamanin tsere. Gasar Faris zuwa Dakar ta farko ta tashi ran 26 ga Disamba 1978, ta biyo ta Agadas da Yamai, shekaru da yawa kuma tana dawowa. Matasan lokacin sun ga motoci a ɗage, da manyan tayoyi, da fitilu a jere, da ƙarfen gaba. Abin da ido bai gani ba shi ne cewa motar tsere mutum biyu take ɗauka, kuma kowane dare akwai makanikai da kamiyon kayan gyara suna jiran ta. A ganina tun daga nan siffar mota ta soma shiga ran mutane fiye da dalilin siffar.

Darajar Toyota kuwa yaƙi ne ya ƙara mata. A 1987 sojojin Cadi ƙarƙashin Hassan Djamous suka ɗora makaman fasa tanka a bayan ƙananan motocin Toyota, suka ci sojojin Libiya a Fada cikin Janairu, suka ƙwace sansanin Wadi Dum cikin Maris. Har yau ana kiran sa yaƙin Toyota. Abin da ya ba su nasara shi ne rashin nauyi da gudu. Mota mai sauƙi tana bin inda tanka ba ta zato.

Yanzu mu duba namu zamanin. Hanyar Agadas zuwa Dirku da Libiya, hanyar Arlit zuwa Tamanraset, da hanyar zinariyar Jado da ta buɗe a 2014, duk a kan Hilux da Land Cruiser da manyan kamiyo suke. Kuɗin direba yana cikin yawan kai da yawan kaya, saboda haka ƙarin lam ya zama hanyar ƙara lodi. Hilux an yi ta ne domin ɗaukar wajen tan 1. In aka ɗora mata mutum 25, kowa a kilo 60, an kai kilo 1,500 tun ba a sa mai da ruwa da jakunkuna ba. Lam ɗin da aka ƙara zai hana ta zama ƙasa, sai a ga kamar tana lafiya. Kallon kitse ne ake yi wa rogo. Resor, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira sifirin, shi kaɗai aka ƙarfafa. Birki na nan yadda yake, shasi na nan yadda yake, ƙarfen da ke haɗa ƙafafun baya bai ƙara kauri ba. Resor mai tauri kuma ba ya shanye bugun hanya, yana miƙa shi ga shasi, shi ya sa ake ganin tsagewa. Ɗaga mota da ɗora kaya a bisa suna maida nauyi sama, sai kifewa ta yi sauƙi a gefen tudun rairayi ko a kwana. Taya da ta wuce girman asali tana ƙara wa birki aiki, tana rage wa injin ƙarfin ja. Rage iska, da ke ceto a rairayi, shi ke fasa taya in aka hau kwalta da gudu ba a maida iskar ba, domin tayar tana lanƙwasa tana zafi.

A hamada, mota ta lalace daidai yake da a soma ƙidayar ruwa. A Oktoba 2013 an tsinci gawawwaki 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauke su sun lalace. Ƙishirwa ta kashe su. Yara 52 ne, mata 33, maza 7, kuma da yawansu daga yankin Kance na jihar Damagaram suka fito. Ƙasa ta yi zaman makoki na kwana 3. Yaran nan sa'annin waɗanda ke zaune a azuzuwanmu ne. Bayan dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, direbobi da yawa sun riƙa kauce wa babbar hanya da rijiyoyinta domin gudun kamu. An soke dokar a Nuwamba 2023, zirga-zirga ta dawo fili, lodin kuwa bai ragu ba.

Ba ina cewa a daina gyara mota ba. Makanikanmu gwanaye ne, suna tayar da motar da a wata ƙasa da tuni an yar. Abin da ya kamata a dawo da shi shi ne lissafin, kuma lissafin bai wuce na ɗan ajin CM2 ba. Malam, ga darasi a shirye. Ƙafar mota tana ɗauke da kilo 500, iskar taya kilo 2.5 a kan kowane santimita murabba'i. A raba 500 da 2.5, faɗin tayar da ke taɓa ƙasa kimanin santimita murabba'i 200 ne. A rage iska zuwa kilo 1, faɗin ya koma kimanin 500. Ga tafin raƙumi a kan allo. Sannan a tambayi yara: in aka ninka lodi, me zai faru? A fita da su tsakar lakwal, ɗaya ya taka rairayi da diddige, ɗaya ya tsaya a kan katako, su auna zurfin sawun.

A koya musu karanta jikin taya ma. Akwai lamba da ke nuna iyakar nauyin da za ta ɗauka: 100 na nufin kilo 800, 112 na nufin kilo 1,120, 120 na nufin kilo 1,400. Akwai kuma lambobi 4 da ke nuna lokacin da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. A ƙasar da yawancin tayoyi tsofaffi ake shigo da su, yaron da ya iya wannan karatu ya riga ya fi wasu manya. Motar kanta tana da ɗan allon ƙarfe ko takarda, galibi a jikin ƙofa ko kusa da injin, da ke faɗin iyakar nauyinta.

Iyaye kuma, in za ku kai yaro koyon gyaran mota, ku bar shi ya iya karatu da rabawa tukuna, ku kuma zaɓi maigidan da ke iya ce wa mai mota a'a. In ɗanku ko ƙanenku zai hau motar arewa, kuma kun kasa hana shi, ku yi tambayar da madugu zai yi. Mutum nawa ne a motar? Lita nawa na ruwa ga kowane mutum, na kwana nawa, har da kwanakin da za a iya yi a tsaye? Taya nawa ce ta ajiya? Akwai famfo da shebur da faifan ƙarfe? Mota ɗaya ce ko ayari ne? Wa zai fita nema in ba a ji labari ba, kuma bayan kwana nawa? Direban kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, domin shi ma ransa na cikin motar. Wanda ya amsa da cewa an ƙara mata lam, ba abin da zai same ta, ku sauke kayan ɗanku ku jira wata. Allah ya kiyaye hanya.