Hotunan Manzanni a Jikin Moɗar Giya: Nazari kan Tangaran ɗin Creussen na Ƙarni na 17

Tsakure

Wannan maƙala ta duba moɗayen tangaran masu ɗauke da hotunan manzannin Yesu goma sha biyu, waɗanda aka riƙa ginawa a garin Creussen da ke kusa da Bayreuth, a jihar Bavariya ta Jamus. Hujjar da take kafawa ita ce, darajar waɗannan kaya ta ta'allaƙa ne a kan fenti da rubutun jikinsu fiye da ginin kansa.

Yadda ake gina su

Maginan Creussen, musamman zuri'ar Vest, sun yi suna a ƙarni na 17 da tangaran mai ruwan ƙasa-ƙasa. Ana gasa yumɓun da zafin da ya kai kimanin digiri 1,200, sai a watsa gishiri cikin wutar, tururinsa ya lulluɓe kayan da sheƙi. Moɗar gajeriya ce mai faɗin ciki, da hannu ɗaya da murfin kuza. Hotunan kuwa ba sassaƙa su ake yi ɗaya bayan ɗaya ba. Ana danna yumɓu cikin mazubi da aka riga aka zana, a manna siffar a jikin moɗar tun tana ɗanya. Shi ya sa ake cin karo da hoton manzo Bitrus iri ɗaya sak a moɗayen da shekaru suka raba.

Bayan gashin farko ne mai fenti yake karɓa. Yakan shafa launukan da aka haɗa da garin gilashi, wato fari, shuɗi, ja, rawaya da kore, a sake gasawa da wuta mai sauƙi. Fasahar ta yi kama da ta masu ƙawata gilashi a yankin Fichtelgebirge da ke maƙwabtaka.

Abin da hotunan ke faɗa

Manzannin suna jere ne kewaye da cikin moɗar, kowa riƙe da alamarsa: Bitrus da mabuɗi, Andarawus da gicciye karkatacce, Yohanna da ƙoƙo, Bartalamawus da wuƙa. A tsakiya akan sa Yesu ko Ɗan Rago mai riƙe da tuta, wanda ke wakiltarsa, wani lokaci ma tambarin gidan mai kayan. Nan ne abin lura. Yankin Creussen ya rungumi tafarkin Kiristanci na Luther tun 1528, tafarkin da ya hana roƙon waliyyai amma bai haramta hotuna ba. Saboda haka manzo a jikin moɗa ba abin bauta ba ne, tunatarwa ce da shaidar aƙidar mai gida, a zamanin da Yaƙin Shekara Talatin (1618 zuwa 1648) ya sa aƙida ta zama batun rai da mutuwa. Kuma maginan nan su ne ke yin moɗayen farauta da na taurari, abin da ke nuna kasuwa suke bi, ba wa'azi ba.

Sau da yawa akan rubuta sunan mai moɗar da shekara. Sai dai a yi hattara: a ƙarni na 19 an yi kwaikwayonsu da yawa don masu tara kayan tarihi, har da shekarun bogi. Shekarar da ke jikin moɗa ita kaɗai ba ta isa hujja ba, sai an gwada yumɓun da fentin da ingantattun samfura irin waɗanda ke gidan tarihin moɗaye na Creussen.